Amsa kan zuciyar sisiliyan, ɗan'uwan kwaɗo marar ƙafa

Malam, ka tambaya ko zuciyar sisiliyan irin ta maciji ce tunda ba shi da ƙafa. A'a, dangin kwaɗo ne. Ɗaki 3 gare ta: biyu masu karɓar jini, ɗaya mai tura shi. Da jikin ya miƙe saboda haƙa rami, zuciyar ma ta yi tsawo, ta ja baya nesa da kai, huhun hagu kuma yakan ƙanƙance. A wasu nau'o'in, shingen da ke tsakanin ɗakuna biyu masu karɓar jini yana da ramuka, jinin yakan gauraya. In za ka feɗe, kada ka nemi zuciyar kusa da maƙogwaro kamar ta kwaɗo, bi can baya cikin jikin. Kuma a ƙasar Sakkwato mai fari ba za ka same shi ba, sai dazukan kudu da Kamaru masu laima.