Kowa da Tasa Shawarar: Wa Ke da Laifi Bayan Rabuwa?

Wasiƙu uku muka ɗauko a wannan fitowa, dukansu daga maza. Mun ɓoye sunaye kamar yadda suka nema.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Bukoki, nan Yamai, shekarata 29. Na yi shekara 2 ina neman wata yarinya, har magabatana sun kai gaisuwa. Wata 3 da suka wuce ta aiko mini da saƙo wai in yi haƙuri kowa ya kama gabansa, ta toshe lambata. A fadarmu wani ya ce na cika kiranta ne har na zubar da girmana, wani ya ce ban ba ta lokaci ba, wani ya ce rowa ce ta kashe ni. Yayata ta ce jan ƙafa na yi. Wani mai bidiyo a TikTok kuma yana cewa mace ba a nuna mata so. Duk wanda ya yi magana sai in ga da gaskiyarsa. Yanzu ko ina kan keke sai in ga na daina takawa, ina ta lissafin inda na kuskure. Ni na ɓata al'amarin?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da jera maganganun nan kusa da juna ka dube su. Ka cika kira, kuma ba ka ba ta lokaci ba. Ka nuna so da yawa, kuma ka yi rowa. Mutum ɗaya ba ya aikata waɗannan duka a neman aure ɗaya. Babu ko ɗaya a cikin masu maganar da ya zauna da ku a wurin zance. Wanda ya ce rowa ce, sau da yawa shi aka taɓa bari saboda kuɗi. Wanda ya ce ka cika kira, tasa ce ta raina shi. Mai TikTok kuwa abincinsa a yawan masu kallo yake, kuma magana mai zafi ita ke tara jama'a. Bai san sunan unguwarku ba ma.

Abin da ya sa kake gaskata kowa shi ne ka riga ka san ƙarshen labarin. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Baruch Fischhoff, ya nuna a 1975 cewa da zarar an gaya wa mutum yadda abu ya ƙare, sai ya riƙa ganin ai dama a fili yake, ya manta cewa kafin nan bai hango ba. Bahaushe ya riga shi: da-na-sani ƙeya ce. Kiran da ka yi mata sau uku a wata Juma'a, a ranar ba laifi ba ne, wataƙila ma ta ji daɗi. Yau ne ka mayar da shi shaida a kanka. A hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, an hana mutum ya riƙa cewa "da na yi kaza, da kaza ya faru", domin kalmar "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki.

Ga abin da za ka yi. Ɗauki takarda, irin wadda kake rubuta awon kaya ma ta isa, ka ja layi biyu ka raba ta gida uku.

Gida na farko na abin da ka aikata ne da bakinka ko hannunka, wanda ke da rana da wuri, wanda za a iya kafa masa shaida. Misali: na yi mata alkawarin turo magabata bayan ƙaramar salla ban cika ba, na zage ta a gaban ƙawarta, na yi mata ƙarya game da wata yarinya, na karɓi kuɗinta jika 20 ban mayar ba. Gida na biyu na abin da ke hannunta ne ko hannun iyayenta: ta ga wani, an yi mata miji a dangi, zuciyarta ta sauya. Gida na uku na abin da ba na kowa ba ne: kasuwa ta mutu, kuɗin haya ya hau, mahaifi ya kwanta ciwo kuɗin aure ya tafi asibiti.

Inda maza ke ɓata wannan aiki wuri ɗaya ne. Sai su cika gida na farko da irin su "ni talaka ne", "ban iya magana da mata ba", "ni ba namiji ba ne". Waɗannan ba ayyuka ba ne, zagin kai ne, kuma ba a tuba daga gare su domin ba su da abin gyara. Duk layin da ba za ka iya sa masa kwanan wata ba, soke shi. Nadama ta gaskiya tana kama aiki guda ta ce a gyara. Wadda ta kama mutum gaba ɗayansa ta ce ba shi da amfani, wannan ba ta kai kowa ga tuba, sai ga kwanciya.

Ka ware wa takardar minti 20 a rana, da rana tsaka ko bayan la'asar, har kwana 7. Kada ka taɓa ta da dare. In tunanin ya taso maka kana kan keke, ka ce masa ya jira lokacinsa, ka ci gaba da ɗinki. Da farko zai ƙi, amma yana sabawa. Ranar bakwai ka karanta abin da ya rage a gida na farko. Yawanci ba ya wuce layi biyu ko uku.

A cikin masu ba ka shawara, maganar yayarka kaɗai muke ganin ta cancanci a auna, domin ita tana da ma'auni. Shekara 2 ana zance, an kai gaisuwa, ba a sa rana ba: iyayen mace suna ƙirga watanni ko da ba su faɗa ba, kuma maƙwabta suna taya su ƙirga. Tambayi kanka, jinkirin nan rashin hali ne ko rashin yanke shawara? In rashin hali ne, gida na uku yake. In kana da hali ka yi ta ɗagawa, gida na farko yake, kuma darasinsa na gaba ne: ka faɗi wata da shekara tun farko, ko da sun yi nisa. Iyaye sun fi haƙuri da rana mai nisa a kan ranar da babu.

Abin da ya rage a gida na farko, a biya shi sau ɗaya. In bashi ne, mayar ta hannun wani babba. In zagi ne ko ƙarya, a nemi gafara ta bakin wanda gidansu ke ganin girmansa, kamar yayarka ko kawun da ya kai gaisuwa. Saƙon ya ambaci laifin da sunansa, ya ce an yi kuskure, ya tsaya nan. Kada a liƙa masa "amma ke ma", kada a liƙa masa "ki dawo". Da zarar neman gafara ya zo da roƙon komawa, ya zama ciniki, kuma mata suna jin ƙamshin wannan tun daga nesa. Kada ka sayi sabon layi don ka kira ta, kada ka tsaya a bakin lungunsu. Buhari ya kawo labarin Mugisu yana bin Barira, matarsa da ta rabu da shi, a titunan Madina, hawaye na zuba a gemunsa. Annabi (SAW) da kansa ya sa baki, ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto ne kawai, ta ce ba ta da bukatarsa, aka ƙyale ta. Ba a ce Mugisu mugu ne ba, ba a kuma tilasta mata ba. In har an riga an ba wani ita, to nema a kan neman ɗan'uwa ma haramun ne.

Kayan da aka kai kuwa, ra'ayin da ya shahara a wurin malaman Malikiyya shi ne in ɓangaren mace ne ya fasa, namiji na iya karɓar abin da ya bayar, in shi ya fasa ba shi da komai, sai fa in akwai sharaɗi ko al'adar da ta saɓa. Bar wa magabata wannan. Turare da katin waya da kuɗin zance, ka yafe.

TAMBAYA: Malam, ni mutumin Tawa ne, ina cin rani a Abijan. An kira ni aka ce matata ta yi wa mahaifiyata rashin kunya. Cikin fushi na aika mata saƙon murya a WhatsApp na ce na sake ta saki ɗaya. Yau wata 2. Daga baya ƙanwata ta gaya mini ba haka abin ya faru ba. Abokan zamana sun ce in na mayar da ita ta raina ni har abada, limaminmu ya ce in gaggauta, inna kuma ta yi shiru. Ƴaƴanmu biyu. Na rasa inda zan sa kaina.

AMSA: Malam, naka ya bambanta da na telan Bukoki. Kai kana da laifi mai suna da rana: ka yanke hukunci da jin bakin ɓangare ɗaya, daga nisan ƙasa. Ba za mu ce maka ba komai ba ne. Amma irin laifin da ke da gyara ne, kuma gyaran yana da wa'adi, shi ya sa liman ya fi abokanka gaskiya.

Sakin ya auku. Fushin da mutum ya san abin da yake faɗa ba ya hana saki, kuma saƙon murya lafazi ne. Tunda ɗaya ne, kana da damar kome muddin tana cikin idda, ba tare da sabon sadaki ko sabon ɗaurin aure ba. Iddar mai al'ada a mazhabar Malik tsarki uku ce, ba a ƙirga ta da kalanda. Ta mai ciki haihuwa ce. Ta wadda ba ta al'ada wata 3 ce. Wata 2 sun riga sun tafi, saboda haka tana iya kasancewa a bakin ƙarewa. Yau ɗin nan ka sa wata babbar mace a dangi ta tambaye ta inda take a lissafi, domin maganarta ake kamawa. In da saura, ka furta cewa ka mayar da ita da niyyar kome, ka sanar da ita da waliyyinta, ka kafa shaidu biyu adilai kamar yadda aya ta 2 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. In idda ta cika, sai sabon nema da yardarta da sabon sadaki, kuma igiya biyu ta rage maka.

Ci da sha da wurin kwananta a cikin idda suna wuyanka. In wata biyun nan ba ka aika komai ba, lissafa ka aika, har da na yara, kafin ka buɗe baki da maganar kome. Kuɗin ya riga maganar isa.

Inda irin wannan kome ke lalacewa shi ne a mayar da mace a bar musabbabin yana nan. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce a tayar da mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Su zauna da inna, su zauna da matarka, a ji abin da ya faru a tsakar gidan, a kuma duba ko zaman wuri ɗaya zai yiwu alhali kai kana Abijan wata takwas ko tara a shekara. In ya gagara a gida, akwai mai unguwa da malaman gari. Shirun inna kuma kada ka fassara shi daga nesa, kira ta ka tambaye ta cikin ladabi. Batun raini da abokanka ke tsorata ka da shi, su ba su da ƴaƴa biyu a gidan nan. Ka ce wa matarka a fili, "Na yi miki hukunci ban ji ta bakinki ba, ki yafe mini." Tana iya ɗaukar lokaci kafin ta sake, wannan haƙƙinta ne.

TAMBAYA: Ni ɗan kabu-kabu ne a Yamai. Tun da muka rabu da budurwata wata 4 ke nan ba na barci, abinci ba ya shiga, abu kaɗan sai in hau faɗa da fasinja. Wani aboki ya ba ni Tramol, yanzu sai na sha nake iya fita aiki. Wani lokaci ina jin da ma in huta gaba ɗaya.

AMSA: Ƙanena, kai ba lissafin laifi za ka yi yanzu ba, likita za ka gani, cikin wannan mako. Baƙin ciki ko mutuwar sha'awar komai da ya wuce mako 2 kusan kullum, tare da rashin barci da rashin ci, alamar ciwon damuwa ce, kuma a wurin maza yakan fito da siffar faɗa da saurin fushi. Ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba ne. Jimlarka ta ƙarshe ita ta fi tayar mana da hankali. Ka faɗa wa mutum ɗaya da ka amince da shi yau, yaya ko aboki ko liman, da waɗannan kalmomin da ka rubuto mana. In tunanin ya yi ƙarfi, kada ka kwana kai kaɗai, a raka ka asibiti a daren. Babban Asibitin Ƙasa na Yamai yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma likitan unguwa zai iya rubuta maka takardar zuwa can.

Ka gaya wa likita gaskiyar ƙwaya nawa kake sha a rana da lambar da ke jikin fakitin. Na bakin titi sukan kai miligiram 200 ko 225 ƙwaya ɗaya, alhali ko a asibiti ba a wuce 400 a yini, kuma yawansa yana jawo farfaɗiya, kai kuwa a kan babur kake da mutum a bayanka. Kada ka yanke shi dare ɗaya da kanka, domin jiki zai tayar da zufa da ciwon gaɓoɓi da ƙarin rashin barci. Likita ne zai rage maka a hankali. Kafin nan, shayin fada ya tsaya daga la'asar, wayar kuma ka ba wanda kuke ɗaki ɗaya ya ajiye bayan isha'i, ka karɓa da asuba.