Hoto tangaram, murya babu

Ka tambaye ni dalilin da ya sa bidiyon da ka sauke jiya ya zo da hoto amma shiru kake ji, wani kuma ɗan fayil mai wutsiyar m3u8 kawai ya ba ka. Ja kujera, yaro, tambayar nan ta fama mini tsohon miki.

Shekarun baya wani mutum ya kawo mini aiki. Darussa goma sha biyu ya gabatar kai tsaye a intanet, kuma shafin zai goge su bayan kwana uku. Dare biyu ban runtsa ba. Na zaɓi ingancin hoto na 1080, hoto kamar ka miƙa hannu ka taɓa shi, na juye masa a filas ba tare da na saurara ba. Rana ta huɗu sai ga shi yana kumfar baki: leɓe na motsi, ba a jin komai, shafi kuwa ya riga ya share. Kuskurena ne, ban musa ba. Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne ya riƙe filas ɗin, ya hana ni haƙƙina, alhali ashe ya naɗi muryar a wayarsa. Ya ba wani ya haɗa masa, ya sayar da darussan da gumina, sannan ya bi mutane yana cewa ban iya aiki ba. Masu kawo mini aiki uku na rasa a kan bakinsa.

A ranar na san tsarin aika bidiyo da ake kira DASH. Manyan shafuka irin su YouTube, idan inganci ya yi sama, hoto daban suke aikowa, sauti daban, manhajar kallo ce ke haɗa su. Ka ɗauko ɗaya ka bar ɗaya, ka samu abin da ka samu jiya. Sauke duka biyun, ka haɗa su da manhajar sarrafa bidiyo ta FFmpeg, ka ce ta kwafa kawai kada ta sake sarrafawa, don kada inganci ya ragu.

Shi kuwa m3u8 ba bidiyo ba ne, jerin sunaye ne. Na tsarin HLS ne, wanda Apple ya fito da shi a 2009: ana yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, kowace 'yar daƙiƙoƙi, fayil ɗin yana nuna inda kowace take. Yadda ake nemo shi ba sai na ɓata yawuna ba, duk wanda ya yi wata guda a gabana ya kamata ya sani.

Ku yaran yanzu, da kun ga MP4 shi ke nan, hankali ya kwanta. MP4 da MKV mazubi ne kawai. Abin da ke ciki, wato tsarin da aka matse hoton da shi, H.264 ne ko H.265 ko AV1, shi ne tsohuwar talabijin za ta karɓa ko ta ƙi. Na gan ka kana canja sunan MKV zuwa MP4, kada in sake gani, don canja suna ba ya canja abin da ke ciki. In na tsohuwar na'ura ne, zaɓi H.264. Bidiyon da aka kulle da DRM kuma, wato makullin hana kwafa, ba namu ba ne, bar wa masu shi.

Yanzu koma ka sauke sautin kafin masu shafin su cire, ka sa abin ji a kunne, ka duba farko da tsakiya da ƙarshe, sannan ka kawo mini in gani.