Asirans ɗin mota: an buge ni, wa zai biya kuma yaushe?

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk a kan inshorar mota ne, asirans ɗin nan da yawancinmu muke yanka don kawai jandarma ya duba ya ce mu wuce, toh bari in ɗauke su yadda suka shigo.

"Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, wata huɗu kenan wata tirela ta bugi Corolla ta ta baya kusa da gadar Binuwai, but ɗin ya lotse fitilu duk sun farfashe. 'Yan sanda sun zo sun yi kwansta, wato rahoton yadda hatsarin ya faru, kuma laifin mai tirelar ne. Na je kamfanin da na yanki asirans suka ce ba ruwansu, na je na mai tirelar kullum sai a ce min dosiye yana Duwala. Mota tana garaji har yau. Yaya zan yi?"

Alhaji sannu, Allah ya kiyaye gaba. Ka ɗauko kwantiraginka ka duba, ba ƙaramar takardar da ke manne a gilashi ba, babbar wadda aka jera abubuwan da ka biya. Ina kyautata zaton RC kawai za ka gani, wato na dole ɗin da dokar CIMA ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji. Wannan dokar ita ce ke aiki a Kamaru da Chadi da sauran ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Yawunde ta 1992, ta fara aiki a 1995. Shi RC ba motarka yake gyarawa ba, ɓarnar da kai ka yi wa wani yake biya, saboda haka da suka ce ba ruwansu ba ƙarya suka yi maka ba, sai dai ya kamata su zaunar da kai su yi maka bayani maimakon su sallame ka a tsaye. In kuwa ka ga an rubuta "défense et recours" a cikin takardar to labari ya canza, wannan kuɗin ka biya ne don su bi maka haƙƙinka wurin ɗaya kamfanin, ka koma ka nuna musu layin da yatsa.

In babu, kai za ka bi da kanka kuma doka ta ba ka dama ka nemi kamfanin mai tirelar kai tsaye. Amma ka daina zuwa da baki kawai, wallahi zuwa goma da baki bai kai takarda ɗaya mai hatimi ba. Ka rubuta wasiƙar neman diyya, ka haɗa da kofin kwansta, katigiris (takardar rajistar mota), farmi (lasisin tuƙi), takardar asirans ɗinka, hotunan motar da lissafin makanike, ka yi kofi biyu, su karɓi ɗaya su buga maka hatimi da kwanan wata a ɗayar ka tafi da ita gida. Ka nemi lambar dosiye da sunan wanda yake riƙe da shi, don "yana Duwala" ba amsa ba ce, Duwala gari ne babba, ofishin wa? teburin wa? Sau da yawa za ka tarar dosiyen bai ma tashi daga Garwa ba, ana jiran wata takarda ɗaya da ba wanda ya gaya maka babu ita, ko kuma mai tirelar bai taɓa zuwa ya sanar da kamfaninsa hatsarin ba, shi ma ka tambaya ka ji.

Abu na biyu, kar makanike ya taɓa motar sai esfer ɗin kamfanin, wato masanin da ke ƙiyasta ɓarna, ya zo ya gani ya rubuta rahoto. Na san zafin barin mota a garaji tana shan ƙura, amma in ka gyara kafin ya zo ka ba su hujjar da za su ce ba su ga komai ba. In dole sai ka gyara don da ita kake neman abinci, ka kira wisiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaida, ya zo ya rubuta halin da take ciki da hotuna, kuma ka ajiye tsoffin kayan da aka cire a buhu. Sannan ka shirya zuciyarka, kuɗin da esfer zai rubuta ba zai kai na makanike ba, suna zabge wani kaso don tsufan kayan tunda fitilar da ta fashe ba sabuwa ba ce. In zabgewar ta yi yawa kana da damar ɗaukar naka esfer ɗin da kuɗinka ya sake dubawa.

Aka yi shiru bayan duk wannan sai ka rubuta wa babban daraktan kamfanin, ka tura kofi sashen da ke kula da kamfanonin asirans a ma'aikatar kuɗi, su ne masu sa musu ido, wasiƙar da aka ga an yi wa ma'aikata kofi ba a jefa ta a durowa kamar sauran. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma kar ka yi ta jira har shekara biyar ta cika daga ranar hatsarin, bayan nan ƙofar ta rufe.

"Ni malamar makaranta ce a Ngaundere, zan sayi RAV4 ta hannu wurin wani maƙwabcinmu. Ya ce asirans ɗinsa saura wata bakwai in ci gaba da shi. Wani yaro a tasha kuma ya ce zai yanko min mai araha. Ko in yi tu-risk ne gaba ɗaya, wanda ke biyan har ɓarnar tawa motar?"

Hajiya Allah ya sanya alheri ya sa a kashe lafiya. Na maƙwabcin nan kar ki dogara da shi, a dokar CIMA in an sayar da mota kwantiragin yana tsayawa da kansa daga kwana na biyar bayan cinikin, takardar tana nan a gilashi da kwanan watanta amma ba ta rufe ki. Ki yanki naki da sunanki.

Shi kuma yaron tasha, ban ce ɓarawo ba ne, da yawansu aikensu ake yi, amma kuɗin RC gwamnati ce ke yanke mafi ƙarancinsa, duk wanda ya zo miki da farashi ƙasa da na kowa sosai ki tambayi kanki ina ya samo rangwamen. Ko takardar jabu ce, ko an rubuta motar da ƙarfin inji ƙasa da nata, ko kuma ya karɓi kuɗin bai kai ofis ba, kuma tun gyaran da aka yi wa dokar a 2011 in ba a biya kuɗi ba babu asirans, magana ta ƙare. Duk wannan ba za ki sani ba sai ranar da aka yi karo. Ki je ofishin kamfanin ko na wakilinsu mai lasisi da ƙafarki, ki biya ki karɓi rasit da cikakken kwantiragi.

Zaɓen kamfani kuwa ni ba na duba kyan ofis ko kalandar da suke rabawa. Kafin ki fito da kuɗi ki tambaye su, in na yi hatsari ina zan kai takarduna, nan Ngaundere ko sai Yawunde? kuna da esfer a garin nan? wa zan kira ranar Asabar? Ki lura da fuskar mai ba ki amsa, wanda ya fara kame-kame tun kuɗinki na jakarki ba zai gyaru ba bayan ya karɓa. Sannan ki biya ta wurin masu gyaran bodi da fenti ki tambaye su wane kamfani ne cak ɗinsa ke fitowa ba sai an yi ta sintiri ba, su suka fi kowa sani don kuɗinsu ne ke maƙalewa.

Tu-risk a kan tsohuwar mota ni dai ban cika ba da shawararsa ba, yana da tsada kuma in motar ta lalace gaba ɗaya darajarta ta ranar hatsarin za su biya bayan sun cire kason da ke kanki. RC da défense et recours, ki ƙara na gilashi da na sata da gobara in aljihu ya yarda, ki sa na direba ma don RC ba ya biyan raunin mai tuƙi. Ki riƙe wannan kuma, in abu ya faru ki sanar da su a rubuce cikin kwana biyar na aiki, in sata ce awa 48.

"Ina ɗaukar kaya daga Kusiri zuwa Njamena, wani lokacin ina shiga Gamboru. Asirans ɗin Kamaru ya ishe ni?"

Ƙanena in za ka haye gadar Ngeli kat-roz kake buƙata, wato katin asirans na CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ita ke rufe ka a Chadi da sauran ƙasashen CEMAC, ka duba tana cikin takardunka kuma kwananta bai wuce ba. In hatsari ya same ka a can ka nemi ofishin kat-roz na Chadi, ka kuma kira kamfaninka a ranar. Najeriya ba ta cikin CEMAC, kat-roz ba ta aiki a Gamboru, sai ka yanki nasu in ka shiga. Kayan da ka ɗauko kuma RC bai san da su ba, nasu asirans ɗin daban ne.

"Wata mota ta kaɗe ƙanina a kan babur a Marwa ya karye a cinya. Wani mutum ya zo asibiti ya ce shi yana bin irin wannan dosiyen, mu sa masa hannu ya karɓo mana mu raba. Mu yarda?"

Allah ya ba shi lafiya. Kar ku sa hannu a takardar da ba ku karanta ba, balle wadda za ta ba wani damar karɓar cak da sunansa. Ku riƙe takardar likita ta ranar farko, da duk rasit na magani da hoton ƙashi har na allura ɗaya, da lambar motar da sunan kamfaninta. In hatsari akwai rauni 'yan sanda ko jandarma suna da wata uku su tura wa kamfanin rahotonsu, kuma kuna iya neman kofinsa a wurin kamfanin kyauta. Kamfanin ne doka ta ɗora wa ya zo muku da tayin diyya cikin wa'adi, in ya makara akwai tara a kansa, kuma lissafin ba ciniki ba ne irin na kasuwa, akwai ma'auni a dokar da aka ɗaura a kan mafi ƙarancin albashi da kuma yawan nakasar da likita ya rubuta. Shi ya sa ba a gaggawar rufe dosiye kafin likita ya ce ƙashin ya gama ɗinkewa ya ga ko zai bar masa ɗingishi. In ma kun riga kun sa hannu a kan tayin kamfanin kuka ga lissafin ya saɓa wa doka kuna da kwana 15 ku janye a rubuce. In kuna son mai taya ku, ku ɗauki lauya, ku yi maganar ladansa a takarda tun farko, cak ɗin kuma ya fito da sunan ƙanin naka.