Tambaya da Amsa: Yadda ake share kwantenonin da suka tsaya a Docker Compose

Tambaya: Assalamu alaikum. Manhajata tana da sassa uku a fayil ɗin compose.yaml: web, db na MySQL, da redis. Na tsayar da su da docker compose stop, amma har yanzu suna nan suna cin wuri. Yaya zan share su ba tare da na rasa bayanaina ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Docker Compose yana gudanar da kowane sashe na manhajarka a cikin akwatinsa da ake kira kwantena. Tsayar da kwantena daban, share ta daban. Shiga foldar da fayil ɗin yake, domin daga sunan folda Compose ke ɗaukar sunan aikin, ka buga docker compose ps -a. Waɗanda ka ga an rubuta Exited a gabansu su ne suka tsaya. Sai ka buga docker compose rm. Zai jero sunayensu ya nemi amincewarka, ka danna y. Idan redis kaɗai kake son cirewa, rubuta docker compose rm redis.

Umarnin rm ba ya taɓa kwantenar da ke aiki. In duka suna aiki, zai ce maka No stopped containers ya tsaya nan. Masu sabo da docker rm -f sukan ɗauka -f zai kashe mai aiki a nan ma, alhali aikinsa kawai ya hana a tambaye ka. Mai tsayarwa kafin sharewa shi ne -s, don haka docker compose rm -s -f ke yin duka biyun.

Batun bayananka kuwa, a nan ne ya kamata ka nutsu. Duk abin da aka rubuta a cikin kwantenar kanta, ba a ma'ajiyar da ake kira volume ba, ya tafi ke nan. MySQL yana ajiye bayanansa a /var/lib/mysql, kuma in ba ka ba wurin ma'ajiya mai suna a fayil ɗinka ba, Docker zai ƙirƙiro masa marar suna, mai doguwar lamba. Umarnin rm ba ya share ta, sai dai sabuwar kwantenar da umarnin docker compose up zai tayar wata sabuwa za a ba ta, babu komai a ciki. Sai ka ga rumbun bayananka wayam, alhali tsohuwar ma'ajiyar tana nan, kuma docker volume ls -f dangling=true zai nuna maka ita. In ka ƙara -v a kan rm, ita ma ta tafi, babu dawowa. Shawararmu, ka sake tayar da db, ka yi kwafi da mysqldump, umarnin kwafe bayanan MySQL, tun tana aiki, ka ba ma'ajiyar suna kamar db_data, ka mayar da bayanan ciki, sannan ka share.

Kada ka haɗa wannan -v da na docker compose down -v, wanda ke share har ma'ajiyoyi masu suna. Shi kuma docker container prune ba ruwansa da foldar da kake ciki, duk kwantenar da ta tsaya a kwamfutar, ta kowane aiki, zai kwashe.

Game da wuri, kada ka sa rai da yawa. Galibi hotunan manhaja (images) da ake gina kwantena da su ne suka fi cin wuri, kuma rm ba ya taɓa su. Buga docker system df ka ga inda wurin ya tafi.