Auta, hangen Dala ba shiga birni ba

Assalamu alaikum Auta. Ina gajiya, ya Inna da ciwon ƙafar?

Saƙonka na murya sau uku na saurare shi a jirgin ƙasa, ina dawowa Bonn daga wurin aiki a Kolon. Ka ce ka gama bautar ƙasa, kana so ka zo Jamus digiri na biyu, ka yi shekara biyar cif, ka ƙarasa ginin Inna, ka biya mata kujerar Makka, ka yi aure, ka koma Zariya ka buɗe kamfanin haɗa wutar sola. Can a ƙarshe, kamar wanda ya tuna da bashi, sai ka jefo: "Wai Yaya, ranar da babu aiki me kake yi ne?" Wannan tambayar ce ta sa na ce bari in zauna in rubuta. Lissafin shekara biyar kowa ya iya shi. Na iya shi ni ma, a watan Oktoban 2017, da akwati ɗaya da rigar sanyin da na saya a gwanjo.

Bari mu kawar da maganar kuɗi tukuna, don ita ce ƙofa. Kafin a ba ka biza ta karatu sai ka nuna abin da za ka ci na shekara guda, galibi ta hanyar zuba shi a wani asusu da ake kullewa, ana sakar maka kaɗan-kaɗan duk wata. Tun Satumban 2024 kuɗin ya kai yuro 11,904, wato 992 a wata. Lokacin da na zo bai kai 9,000 ba. Ka buga shi da canjin yau ka gani, amma ka zauna kafin ka buga. Jami'o'in gwamnati a yawancin jihohi ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai kuɗin zango na wajen yuro 300 ko sama da haka, kuma a cikinsa har da tikitin bas da ƙananan jiragen ƙasa. Jihar Baden-Württemberg ce ta fita zakka, tana karɓar yuro 1,500 duk zango daga baƙi irinmu. Ɗalibi yana da izinin aiki na kwana 140 cikakku a shekara, ko rabin wuni 280. Mafi ƙarancin lada a 2025 yuro 12.82 ne a awa, ni kuwa da 8.84 na fara, ina ɗaukar kwalaye a wani sito cikin dare. Da wannan za ka biya haya da inshorar lafiya, wadda dole ce, ka ci abinci, ka biya yuro 18.36 na rediyo da talabijin da ake karɓa a kan kowane gida ko kana kallo ko ba ka kallo. Abin da ya rage ka aiko gida, in ya rage, bai kai bakin tulu ba. Duk wanda ya ce maka ɗalibi yana gini daga nan, ka tambaye shi ya karatun.

To, ranakun.

Lahadina ta farko a garin nan da yunwa na wuni. Ba wanda ya gaya mini cewa ranar Lahadi kantuna a rufe suke ruf, sai gidajen burodi da safe, da gidajen mai, da 'yan shagunan tashar jirgi. Na fita da 'yar jakata na tarar da titi shiru kamar an yi shara, sai ƙarar ƙararrawar coci. Na dawo na jiƙa garin rogo da sukari na sha, ina kallon bango. A ranar na fara gane abin da zai fi damuna a nan, kuma ba sanyi ba ne. Shiru ne. Ba mai sallama a ƙofa, ba almajiri, ba mai tallar ƙosai, ba ladan. Wayarka ce za ta yi maka kiran salla. Kai da ka tashi a gidan da ko ɗaki ka shiga ka rufe sai an buga an tambaye ka lafiya, za ka iya yin kwana uku a nan ba ka buɗe baki ka yi magana da kowa ba in ban da "na gode" ga mai karɓar kuɗi a kanti.

Sai duhu. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, ƙarfe huɗu da rabi kuma ta faɗi. Azahar, La'asar da Magariba duk suna cunkushe cikin 'yan awoyi, kana cikin aji ko kana bakin aiki. Ka fita cikin duhu ka dawo cikin duhu. Da bazara abin ya juye: azumina na farko, a 2018, ya faɗo tsakanin Mayu da Yuni, ba ma shan ruwa sai bayan tara na dare. Yanzu da azumin ya gangaro wajen Maris an samu sauƙi ƙwarai. Juma'a kuma ranar aiki ce, haka ma Sallah, sai ka ɗauki hutu daga cikin kwanakinka. Na taɓa yin Idi da safe na cire babbar riga a banɗakin tashar jirgi na wuce jarrabawa.

Ba don in karya maka gwiwa nake faɗin wannan ba. So nake ka san cewa shekara biyar ɗin nan da ka ambata da numfashi ɗaya, kwana ɗaya-ɗaya ake yin ta, kuma yawancin kwanakin Talata ne da Laraba, babu abin ɗauka a hoto. Mutumin da ya zo da babban buri kaɗai, ya ce ba zai ji daɗin komai ba sai ya cika shi, shi ne ke fara karyewa. Na gani da idona. Akwai wani ɗan'uwa da muka zo kusan tare, ba ya zuwa ko'ina, ba ya sayen ko lemo, kowane kwabo sai ya juya shi zuwa naira ya ce kai, wannan ai buhun siminti ne. Shekara biyu ya yi ya rame ya zama kamar ba shi ba, karatun ma ya gagara.

Ni abin da ya riƙe ni ƙananan abubuwa ne, har kunya nake ji in lissafa su.

Na farko tuwo. Babu garin masara irin namu a kusa, amma akwai garin alkama mai tsaki-tsaki da ake samu a kowane kanti, kusan semo ne. Ran Asabar da yamma nakan je wurin mahaucin Turkawa in sayi ƙashin rago na halal, in ɗora, in jefa daddawar da Inna ta ƙullo mini a leda uku, in kaɗa kuka. Minti biyar da warin daddawar nan ya cika ɗaki, wallahi sai in ji kamar in na buɗe ƙofa tsakar gidanmu zan gani. Maƙwabciyata ta ƙasa, wata tsohuwa Bajamushiya da ta haura saba'in, ba ta ga abin haka ba. Takarda ta fara liƙa mini a ƙofa, ba don warin ba, don na kunna injin markaɗe bayan goma na dare, alhali daga goma zuwa shida na safe lokacin shiru ne a ƙa'idarsu. Na sauka na ba ta haƙuri da guntun Jamusancina, ta gyara mini kuskure biyu a cikin ban-haƙurin. Bayan mako guda na kai mata dambun shinkafa. Ta karɓa da yatsa biyu kamar an miƙa mata kunama. Yau shekara nawa, duk Lahadi da ƙarfe uku sai ta hau da kek ɗinta mu sha kofi, ita ce kuma ta koya mini karanta wasiƙun hukuma, don a ƙasar nan komai ta akwatin gidan waya yake zuwa, kuma wasiƙar da ka ƙi buɗewa ba ta mantawa da kai. Yanzu ɗiyarka kaka take ce mata.

Akwai kuma keke. Na saya na hannu, yuro 60. In na taso da wuri nakan bi gefen kogin Rhine, jiragen dakon kaya suna wucewa a hankali kamar raƙuma, in ratsa ta kusa da gidan rediyon DW. Ka tuna Malam da 'yar rediyonsa da safe, yana murɗa ta yana neman Muryar Jamus, ya ce a yi masa shiru? To daga garin nan ake watsa shirin. Ranar da na fara ganin ginin sai da na sauka daga keken na tsaya. A watan Afrilu kuma akwai wani titi a tsohon gari, Heerstraße, da itatuwansa ke yin fure ruwan hoda su rufe sama gaba ɗaya. Mako biyu ne, iska ta kwashe. Mutane har daga wasu ƙasashe suke zuwa ɗaukar hoto. Ni da sassafe nake zuwa kafin su taru.

Kada ka yi dariya: har mayar da kwalba daɗi take mini. Yawancin robobin ruwa da gwangwanayen lemo akwai kwabo 25 na yuro a kan kowanne, huɗu su ba ka yuro ɗaya. Ka tara ka kai wa na'ura a bakin kanti, tana haɗiya tana lissafi, ta tofo maka 'yar takarda. Lokacin ɗalibta akwai ƙarshen watan da kuɗin kwalba ne ya saya mini burodi da ƙwai. A baranda kuma ina da tukwane shida: tumatir, attarugu, yakuwa. Zogale sau biyu ina shukawa, hunturu yana kashe shi. Na haƙura.

Yanzu buri. Ginin da kake cewa za ka ƙarasa, ka san ni ma shekara biyar na ɗibar masa. Digirin da aka ce shekara biyu ne, uku ya ci mini, saboda aikin dare da Jamusanci. Bayan kammalawa ana ba mutum wata 18 ya nemi aiki, na cinye fiye da rabinsu ina aika takardu, duk inda na je sai a tambayi harshe, ko da kuwa da Turanci na yi karatun. Sai 2021 na aza harsashi. Da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa a gida ya ɗauka na zama Alhaji, don yuro ya koma naira mai yawa, ba a lura siminti da rodi su ma sun bi shi a guje ba. Ga shi ginin yana linta, ciyawa tana fitowa a falo. Makka dai Allah ya nufa Inna ta je, wannan kam na gode masa, kuma da za a ce in zaɓi abu ɗaya a cikin duk abin da zamana a nan ya haifar, shi zan ɗauka.

Amma akwai kuɗin da ba a rubuta shi a takardar biza. Ranar da Malam ya rasu, kai ka kira ni bayan Asuba. Daga Frankfurt zuwa Abuja awa shida ne da 'yan kai, amma ko da fiffike gare ni ba zan riski jana'iza ba. Kai ka kama makara, ni ina tsaye a tashar jirgin ƙasa da waya a kunne ina jin salatin mutane, wata mata tana tambayata ko layin nan ne mai zuwa Kolon. Sai sadakar bakwai na samu. Ba na son ka zo ba ka sa wannan a ma'auni ba, musamman kai da kake auta, kai ne idon Inna yanzu. Ka zauna da ita ku yi maganar nan tsakani da Allah, ba irin "Allah ya ba da sa'a" da za ta ce don kada ta tare maka hanya ba.

Komawa gida kuma, ban fasa ba, amma na daina sa mata rana. Kullum akwai dalilin ƙara shekara ɗaya. Tun Yunin 2024 doka ta ba da damar neman zama ɗan ƙasa bayan shekara biyar ba tare da ka ajiye fasfo ɗinka na Najeriya ba, sai ka ce bari in karɓa tukuna. Sai yarinya ta shiga gidan renon yara, ka ce bari ta ɗan yi wayo. Ɗiyarka "nein" ta fara iyawa kafin "a'a". Ni da uwarta mun kafa doka, daga bakin ƙofa zuwa ciki Hausa zalla, kuma duk daren Juma'a sai na yi mata gatanan gatananku. Gizo take so, Ƙoƙi ba ta burge ta.

Shawarata, in ka ga za ka iya haɗa kuɗin ba tare da an sayar da gonar Malam ba, ka zo. Fannin da kake so suna da shi sosai a nan, har a barandar gidajen haya za ka ga an rataya faifan sola. Amma in sai an sayar da gonar, ka dakata ka nemi tallafin karatu, irin na DAAD, hukumar Jamus mai tallafa wa ɗalibai, ko da zai ɗauke ka shekara biyu. Kada ka ba kowane dillali ko sisi da sunan zai samo maka gurbi ko ɗaki. Neman gurbin da kanka za ka yi ta intanet, ɗaki kuma ka sa sunanka a layin ɗakunan ɗalibai tun ranar da takardar shiga ta zo, don samun wurin kwana ya fi samun gurbin wuya. Jamusanci ka fara gobe, ba sai ka zo ba.

Sannan ka shiga madafi. Na san za ka ce auta ba ya girki, to nan ba wanda zai tuƙa maka. Ka sa Inna ta nuna maka yadda ake kaɗa kuka ba ta yi gudaji ba, da yadda ake talge. In tafiyar ta tabbata, ka taho mini da kuka da kuɓewa busasshiya da yajin ƙuli. Kilishi kam ka cinye abinka a Zariya, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da madara a jakar matafiyi.

Ƙarshen watan nan na Oktoba za a mayar da agogo baya, lokacinmu zai zo daidai da naku har zuwa Maris. Ka ce wa Inna ran Lahadi bayan La'asar zan kira, ta sa a yi cajin wayar. Ka je ka ɗauko mini hoton ginin ta ɓangaren gabas, an ce bangon ya tsage.

Yayanka.