Amsa ga mai tambaya kan Fujifilm X-E4 da Sony a6400

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu ya ce kuɗin da ya tara na kyamara ɗaya ne, kuma hankalinsa ya rabu tsakanin Fujifilm X-E4 da Sony a6400. Yana son ta ne domin ɗaukar yaransa a gida da yawon ƙarshen mako a nan Jos, sannan yana fatan idan hannunsa ya faɗa ya riƙa karɓar aikin suna da walima da ƙananan bukukuwa. Na yi aiki da duka biyun na tsawon lokaci, kuma shawarata gare ka, malam, ita ce ka ɗauki Sony. Zan kawo dalilaina dalla-dalla, domin idan bukatarka ta sauya ko da kaɗan ne, amsar ma za ta iya sauyawa.

Abin da ya haɗa su yana da yawa, shi ya sa zaɓin yake ba mutane wahala. Dukansu marasa madubi ne, wato ba su da madubin da ke cikin kyamarorin DSLR, girman sensarsu (faifan da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto) ɗaya, wanda ake kira APS-C, kuma tagar da ake leƙawa tana kusurwar hagu, irin zubin tsofaffin kyamarorin Leica. Sony ta fito a 2019 da megafiksel 24, Fujifilm kuma a 2021 da megafiksel 26. Kada wannan ratar ta biyu ta ɗauke maka hankali, domin ba za ka gan ta a waya ba, ba kuma za ka gan ta a hoton da aka wanke aka rataye a falo ba. Haka nan babu wadda take da na'urar hana girgiza a cikin jikinta, kuma kowacce gurbin memori ɗaya gare ta. Kafin komai ma, ka gwada da wane ido kake leƙe. Wannan zubi an yi shi ne domin mai leƙe da idon dama: hancinsa ba ya taɓa allon baya, idonsa na hagu kuma yana buɗe yana ganin wanda zai shigo cikin hoton. Mai leƙe da idon hagu ya rasa wannan amfanin gaba ɗaya, fuskarsa tana bayan kyamarar, hancinsa yana shafa wa allo maiƙo.

Inda suka rabu da gaske shi ne wajen kama fuska. Sony a6400 tana da wata baiwa ta bin idon mutum wadda a lokacin da ta fito ta ba masu ɗaukar hoto mamaki, kuma har yanzu ba ta tsufa ba. Da zarar ka danna maɓallin ɗauka rabi, za ka ga wani ɗan koren akwati ya sauka a kan idon yaro, yaron ya ruga tsakar gida, ya juya baya, ya sake juyowa, akwatin ya koma kan idon ba tare da ka taɓa komai ba. A wurin kamu ko walima, inda amarya take shigowa a tsakiyar ƙawaye, wata ta gifta, wata ta ɗaga waya a gabanka, wannan abu shi ne bambancin komawa gida da hoto da komawa gida da haƙuri. X-E4 ma tana gane fuska da ido, kuma idan mutum yana zaune ko yana tafiya a hankali ba ta da matsala. Amma idan haske ya yi ƙasa kuma jama'a suna motsi, takan saki wanda kake bi ta kama na kusa da shi, sai ka riƙa jan alamar da ɗan maɓallin nan mai kama da sanda da ke bayanta kana mayar da ita. Wanda ya gwanance zai iya, sai dai kai yanzu kake farawa, kuma mai biki ba ya maimaita maka shigowar amarya.

Ba zan ɓoye ba, duk da wannan, X-E4 ce na fi jin daɗin riƙewa. A samanta akwai majuyi na saurin ɗauka da wani na ƙara haske ko rage shi, yawancin gilasan (lens) Fujifilm na XF kuma suna da zobe na buɗe ƙofar haske, ta yadda tun kafin ka kunna ta ka san a inda saitinka yake. Majuyin ƙara hasken nan yana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda masu sharhi na waje suke faɗa. Idan baƙin mutum ya sa farar shadda ya tsaya a rana, kyamara takan ruɗe da farin kayan ta rage haske, fuska ta dushe. A X-E4 babban yatsanka ne kawai zai juya majuyin, kana kallon fuskar tana buɗewa a cikin taga. A Sony ma ana yin hakan, sai dai sai ka danna maɓalli tukuna, ko ka zauna ka ware wa wani majuyi wannan aikin, kuma jerin saitinta na wancan zamani yana da sarƙaƙiya, shafi bayan shafi.

Sai maganar launi, wadda ita ce take jan mutane zuwa Fujifilm. Kamfanin ya daɗe yana yin fim ɗin ɗaukar hoto tun kafin zamanin dijital, kuma ya zuba launuka irin na fim a cikin kyamarar: Provia, Velvia, Astia, Classic Chrome, Classic Neg, da Acros na baƙi da fari. Ka shiga kasuwar Farin Gada da sanyin safiya lokacin da ake sauke kwandunan tumatir da kabeji da karas, hazon hunturu bai gama washewa ba, ka sa Classic Chrome: jan tumatir ya kwanta, koren kabeji ya yi sanyi, fuskokin masu dako su fito a nitse, kuma hoton ya isa a tura shi waya ba tare da ya bi ta kwamfuta ba. Ga fatar mutane kuwa, ni Astia na fi amincewa da ita, domin Velvia takan cika launi har fuska ta yi ja. Hoton Sony kai tsaye ba shi da laifi, amma yakan bukaci ɗan gyara kafin ya yi armashi, musamman a ƙarƙashin fararen ƙwayayen lantarki na ɗakunan taro. Idan kana ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, kana gyarawa da kanka, wannan fifikon na Fujifilm ya ragu ƙwarai.

Akwai kuma abubuwan da sai an fita aiki ake gane su. X-E4 ba ta da mariƙi, gabanta a shafe yake, nauyinta gram 364 kacal. Da ɗan siririn gilashin nan na 27mm f/2.8 da aka fitar tare da ita tana shiga aljihun jaket, ba wanda zai kula da kai a Terminus ko a titin Ahmadu Bello, kuma wannan shi ne aikin da aka ƙera ta dominsa. Amma ka ɗora mata babban gilashi da filasha ka yi yini guda a wurin biki, yatsunka za su gaya maka. Sony tana da mariƙi mai kauri, tana da ƙaramar filasha a jikinta wadda X-E4 ba ta da ita, kuma ba ta yanke bidiyo a minti 30, abin da zai yi maka amfani ranar da aka ce ka ɗauki wa'azin walima tun daga farko har ƙarshe. Ta ɓangaren batir kusan kunnen doki ne, kowacce tana ba da hoto wajen 400 a caji ɗaya bisa awon kamfani, kuma sanyin Disamba na Jos yana rage wannan adadi, saboda haka ka sa kuɗin batir biyu na ƙari a lissafinka. X-E4 tana caji da USB-C irin na wayoyin yanzu, Sony kuwa da tsohon ƙaramin bakin nan.

Game da ƙura, X-E4 ba ta da kariyar ruwa ko ƙura ko kaɗan. Sony ta ce a6400 tana da ɗan juriya, amma ban ba ka shawarar ka jarraba ta a feshin ruwan Assop ba. A lokacin hunturu ka sauya gilashi a cikin mota ko a ɗaki, bakin kyamarar yana kallon ƙasa, domin marar madubi da zarar an cire gilashi sensarta a fili take.

Dalilina na biyu mai ƙarfi bayan kama fuska shi ne kasuwa. Kyamara ba ita kaɗai ake saye ba, ana shiga gida ne, kuma gidan Sony ya fi yawan jama'a a ƙasar nan. Masu ɗaukar biki da masu bidiyo da yawa da ita suke aiki, saboda haka batir da caja da gilashi na hannu sun fi sauƙin samu, ko a Banex da ke Abuja ko a Computer Village da ke Ikeja, kuma ranar da batirinka ya mutu a tsakiyar aiki akwai yiwuwar abokin aikin da ke gefenka yana da irinsa. Bakin gilashinta ɗaya ne da na manyan kyamarorin Sony a7, don haka idan ka girma a sana'ar ba sabon gida za ka nema ba. Ita X-E4 an daina ƙera ta, kuma tun da kyamarorin Fujifilm suka yi tashe a shafukan sada zumunta farashin na hannu ya ƙi sauka. Sabuwarta ta fito a kan kusan dala 850, a6400 kuma kusan dala 900, amma yau ba abin mamaki ba ne ka ga ana neman kuɗin tsohuwar X-E4 fiye da na Sony. Magajiyarta X-E5 ta fito a 2025 da megafiksel 40 da na'urar hana girgiza, sai dai kuɗinta ya wuce inda kake magana.

Da a ce ka gaya mana cewa ba ruwanka da aikin kuɗi, hawan Dutsen Shere da duwatsun Riyom da zagayen gari kawai kake so, da X-E4 na ce ka saya ba tare da jinkiri ba, domin ita ce za ka fi yawan ɗauka idan za ka fita. Amma ka ambaci yara masu gudu, ka kuma ambaci biki. Ka nemi a6400, ka haɗa ta da gilashin Sigma 30mm f/1.4, wanda yake shan haske sosai a cikin ɗaki kuma yake narkar da bayan mutum, ka riƙe ƙaramin gilashin 16-50mm da take zuwa da shi domin hoton taron jama'a da bidiyo, tunda shi yana da hana girgiza a cikinsa.

Idan ta hannu za ka saya, kada ka biya sai ka riƙe ta. Ka tafi da memorinka, ka tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton ka duba: ɗigon ƙura yana gogewa, amma karce a kan sensa ba ya fita da gogewa. Ka haska fitilar waya a cikin gilashin ka nemi farin zare-zaren da danshi yake haifarwa, ka juya kowane majuyi, ka gwada caji ta jikinta, sannan ka nemi a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka kafin a fara maganar farashi.