Amsa: Gwajin G6PD ga jaririn da ya yi shawara

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Kin ce ya yi shawara kwana uku da haihuwa, likita ya ce a gwada G6PD (wani sinadari ne a cikin jini), kina tambaya ko dole sai babban lab. Ba dole ba ne, yanzu akwai 'yar na'ura kamar ta gwajin suga, STANDARD G6PD ta kamfanin SD Biosensor, ɗigon jini ɗaya ake sawa, minti 2 sakamako ya fito, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ma ta amince da ita a Disamba 2024, sai dai ba kowane asibiti ke da ita ba, ki tambaya.

Shi G6PD sinadari ne da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ƙarancinsa gado ne, namiji ta wajen uwa yake ɗauka. Don Allah ki cire kafur daga cikin kayansa yau ɗin nan, kar a shafa masa lalle, wallahi in yana da ƙarancin suna iya fasa masa jini, idonsa ya ƙara rawaya, fitsari ya koma kamar shayi. In an yi masa ƙarin jini a sake gwajin bayan wata 3, don sakamakon farko yana iya nuna lafiya lau alhali akwai matsalar.